Tarihin Busar Kilarinet Zalla, da Yadda Ake Neman Waƙoƙinta a Jos

Kilarinet abin busa ne na itace baƙi, mai huji da maɓallan ƙarfe, wanda ake ɗaura masa siririn harshe guda na kara a baki, saɓanin algaita da take da harshe biyu. Kuma saboda muryarta tana sauka ta yi kauri kamar ta dattijo, ta kuma hau ta sirance kamar ta yaro, mabusa biyu ko uku suna iya haɗuwa su cika waƙa ba tare da ganga ko wani abin kiɗa ya shiga tsakaninsu ba. Galibin masana tarihi sun tafi a kan cewa Johann Christoph Denner, wani maƙerin kayan busa na birnin Nurembag a Jamus, shi ne ya ƙago ta wajen shekarar 1700.

Abin lura shi ne, daga cikin tsofaffin waƙoƙin da aka buga da sunanta akwai waɗanda Estienne Roger ya fitar a Amsadam tsakanin 1712 da 1715, kuma na mabusa biyu ne. Watau tun tana jaririya ba ta yi zaman kaɗaici ba. Daga baya mai tsara waƙa Mozat, wanda abota ta haɗa shi da gwanin busa Anton Stadler, ya tsara gajerun waƙoƙi 25 domin mabusa uku na wata 'yar'uwar kilarinet mai kaurin murya da ake kira baset, kuma har yau duk inda ɗalibai uku suka zauna, da wuya su tashi ba su taɓa ɗaya daga cikinsu ba. Hyacinthe Klosé, malami a makarantar kiɗa ta Faris, ya cika littafin koyarwarsa na 1843 da darussan da malami da almajiri suke busawa tare, ɗaya yana ja ɗaya yana bi, kamar yadda ake biya wa yaro allo. Mai tsara waƙa Poulenc ya rubuta waƙar kilarinet ta mutum biyu a 1918. Babbar ƙungiya kuwa, Gustave Poncelet ya fara tara ta a Burasal a ƙarshen ƙarni na 19, sa'an nan Simeon Bellison ya kafa tasa a Niyok a 1927, wadda ta bunƙasa har ta kai mutum 75.

Duk da haka, waƙoƙin da aka tsara wa kilarinet zalla ba su taɓa wadatar da masu ita ba, domin haka mafi yawan abin da suke busawa aro ne, an ɗauko daga waƙar murya ko ta goge an mayar mata. Wannan kuwa ba aibi ba ne, sana'a ce mai zaman kanta.

A Jos, garin da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina, wanda jirgin ƙasa daga Zariya ya isa a 1914, kilarinet ta shigo ne ta hanyar badujalar soja da ta 'yan sanda da makarantun mishan, inda take zama ɗaya cikin taro, ƙaho da ganga suna danne muryarta. Mabusan da suka so keɓewa su ji juna sai suka tarar babu kantin da za a nufa a sayo littafin waƙoƙin kilarinet zalla, don haka suka koma ga kwafe da hannu, da kuma waƙoƙin majami'a masu murya huɗu. A nan wata hikima ta taimake su. Kilarinet da aka fi amfani da ita tana fitar da sauti ƙasa da abin da aka rubuta da mataki ɗaya, abin da yake tilasta a sake rubutu idan za ta bi fiyano. Amma idan ita da 'yan'uwanta ne kaɗai, duka sun sauka tare, sai kowa ya ɗauki layinsa daga shafi guda, in ban da mai muryar ƙasa, wanda yakan ɗaga 'yan wurare saboda rashin babbar kilarinet. A lokacin hunturu za ka ga mabushi ya jiƙa harshen karan a bakinsa, yana ɗumama itacen a hammata kafin ya busa, don sanyi da bushewar Filato suna tsaga shi.

Tun da aka buɗe taskar IMSLP a intanet a 2006, inda ake samun tsofaffin bugu kyauta, Mozat da Klosé sun zo hannun duk mai waya. Abin da babu a can shi ne namu. Alhali kuwa ƙabilun Filato suna da tsohuwar al'adar busa ta taro, inda kowane mutum yake riƙe da bututu mai sauti ɗaya, su saƙa waƙa ta karɓa-karɓa, kuma wannan tsari ya dace da kilarinet uku ko huɗu ƙwarai da gaske. Kira a nan ga malaman busa na Jos, na bariki da na makaranta da na majami'a, su nemi izinin masu waɗannan waƙoƙi, su rubuta su da sunayen garuruwansu, su ajiye inda ɗalibi zai same su.