Ɓargo da hasken radiyeshan: abin da hoton asibiti ke yi wa jini

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne masana'antar jini. A can ake ƙera jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da kuma masu tsayar da zubar jini. Saboda ƙwayoyin ɓargo ba sa daina rarrabuwa, suna cikin sassan jiki da hasken radiyeshan ya fi saurin taɓawa.

Batun ya shafi Maiduguri kai tsaye, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen ɗaukar hoto da cibiyar kula da masu cutar daji, inda marasa lafiya ke zuwa daga sassan Arewa maso Gabas.

Ana auna hasken da jiki ya sha da milisibat. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce kusan 0.1 ba, hoton CT na ciki kuwa yakan kai 8 zuwa 10, yayin da matsakaicin abin da mutum ke samu daga ƙasa, iska da abinci ya kai 2.4 a shekara. Ɓargo ba ya fara gazawa sai hasken da ya ratsa jiki gaba ɗaya a lokaci guda ya kai wajen 500. Ke nan hoton asibiti ba ya "shanye jini", kamar yadda wasu ke tsoro.

Masu karɓar magani da haske a ƙugu lamarinsu daban ne, don kaso mai yawa na ɓargon baligi yana nan. Fararen ƙwayoyi ne ke fara raguwa. Jajaye, masu rayuwar kwana 120, sukan jinkirta. Ɓargon da hasken bai kai gare shi ba yakan cike giɓin cikin makonni ko watanni, shi ya sa likitoci ke yawan gwada jinin majinyaci.

Haɗarin da ya rage na nesa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2023 kan yara da matasa kusan miliyan ɗaya a Turai ya ƙiyasta cewa cikin kowane yaro 10,000 da aka yi wa CT, ɗaya ko biyu na iya kamuwa da kansar jini cikin shekara 12 saboda hasken. Adadin kaɗan ne, amma ya isa hujjar kada a maimaita wa yaro hoto ba da dalili ba. Ma'aikatan sashen kuwa, ƙa'idar duniya ta iyakance musu matsakaicin milisibat 20 a shekara.