Mayaƙan Jiki da Sanin Na Gida

Yau tarihi munka zo maka da shi. Tarihin mayaƙa ne, amma ba na bisa doki ba. Waɗanga mayaƙa cikin jikinka suke, dare da rana.

Mu fara da abin da ka sani. Bayan Katsina ta faɗi a 1807, Ɗan Kasawa da jama'arsa sunka zo sunka zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma sunka kafa Tibiri wajen 1836, zamanin Sarki Mayaƙi. Lokacin nan na yaƙi ne. In ƙura ta tashi, tilas mayaƙi ya san wa zai sara, wa zai bari. Tsagar fuska tana cikin abin da ke nuna masa. Ya ga tsagar Gobir, ya san na gida ne.

To, jikinka ma gari ne mai mayaƙa. Su ne fararen ƙwayoyin jini. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Amma ka taɓa jin aikinsu. In ƙaya ta soke ka a ƙafa, kaluluwa ta fito maka, mayaƙan ne sunka taru can suna shirin yaƙi. Tsokarka da fatarka da jininka duka suna da tasu tsaga, wadda ta bambanta da ta wani. Ga tambaya: wa ya koya wa mayaƙan nan sanin tsagar gida? Masana sun daɗe suna neman amsa.

Tsofaffinmu ba su manta 1945 ba. Shekarar ce Gulbi ya yi ambaliya, ya cinye tsohon garin Maraɗi, mutane sunka hau tudu. A wannan shekara, can Amurka, wani masani mai suna Ray Owen yana binciken jinin shanu. Ya duba maraƙa tagwaye, waɗanda ba su yi kama da juna ba. Sai ya iske kowane yana ɗauke da jini iri biyu, nasa da na ɗan'uwansa. Tun cikin cikin uwa jininsu ya gauraya. Ga al'ada, jiki yakan yaƙi jinin da ba irin nasa ba. Amma waɗanga maraƙa sun girma lafiya lau.

A 1953, a Ingila, Peter Medawar da abokan aikinsa sunka gwada abin ga ɓeraye. Sun sa wa ɓeran da ke cikin ciki ƙwayoyin jikin wani ɓera dabam. Da ya girma, anka ɗinka masa fatar irin wancan ɓera, fata ta kama. Daga nan anka gane cewa mayaƙan jiki koyon sanin na gida suke yi, kuma tun da wuri suke koyo.

Ina makarantar take? Tambayi mahauci, ko ka duba da kanka ran da anka yanka ɗan akuya. Bayan ƙashin ƙirji, bisa zuciya, akwai wata tsoka mai taushi, fara-fara. Ga ƙaramar dabba tana da girma, ga tsohuwa ta shanye. Mutum ma yana da ita. Likitoci suna ce mata timus. Da can an ɗauka ba ta da wani amfani. A 1961 Jacques Miller ya cire ta ga jariran ɓeraye, sai cuta ta yi ta kayar da su. Daga baya anka gane can ne ake jarraba wani rukuni na sabbin mayaƙa. Wanda bai iya aiki ba, ba ya fita. Wanda ya ɗaga takobi ga tsagar gida, nan take ake kashe shi. Fiye da 9 cikin 10 ba su ƙetare jarrabawar.

Amma ko wace makaranta ce, wani yakan sulale. Tarihinmu ya san haɗarin haka. Ƙaura shi ne shugaban yaƙin Maraɗi. A ƙarshen ƙarni na 19, Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi har ya fi ƙarfin fada, Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa. Ba baƙo ya yi wannan ba. Da ɗan gari akan ci gari. Jiki ma hakanan. In mayaƙa sunka juya wa gida, sai cuta ta tashi ba tare da baƙo ba. Ciwon suga mai kama yara irin wannan ne. Hakanan cutar da ke sa fata ta yi fari fat wuri-wuri, wadda ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta.

Me ke hana haka faruwa ga kowa? A 1995 wani masani na ƙasar Japan, Shimon Sakaguchi, ya nuna cewa cikin mayaƙan akwai ƴan kaɗan masu aiki dabam. Su ba su sara. Aikinsu su riƙe hannun ƴan'uwansu, su ce: ya isa, wannan namu ne. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka sunka gano wata illa ta gado ga ɓeraye da wasu jarirai maza, wadda ke sa jiki ya yaƙi kansa. Anka tabbatar illar tana hana masu riƙon hannun nan samuwa. A 2025 su ukun sunka samu kyautar Nobel, babbar kyautar masana ta duniya.

Kana iya cewa, mene ne ruwan manomi da ɓerayen Turai? Zo mu tafi Danja, kusa da Jiratawa, kudu da Maraɗi. Tun 1956 akwai asibitin masu kuturta can. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta. Wani likita na ƙasar Norwe, Hansen, ya gan ta a 1873. Galibin mutane, ko ta shiga jikinsu, mayaƙa suna gamawa da ita shiru. Ga wanda ta kama kuwa, tana ɓuya cikin fata da jijiyoyi. Akwai maganinta, na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi.

Ga inda tarihinmu ya shafe ka. Wani lokaci mutum yana cikin shan magani, ko ma ya ƙare, sai tabon jikinsa ya kumbura, ya yi ja. Gwiwar hannu ta kama zafi. Yatsu su yi sanyi, ko ƙafa ta fara ja, ko ido ya ƙi rufuwa. Sai ya ce magani ne ya ɓata shi, ya yar. Wannan kuskure ne babba. Mayaƙansa ne sunka fusata. Suna neman ƙwayar cuta, rayayya ko matatta, suna ƙona jijiyar da ta ɓuya ciki. Kamar mutum ne ya cinna wa rumbunsa wuta don ya kashe ɓera. In jijiya ta mutu, hannu ba ya jin ƙaya, ba ya jin wuta. Daga nan miki ke shiga, har yatsu su tafi.

Likita yana da magani na biyu, mai kwantar da mayaƙa. In an zo da wuri, jijiya takan farfaɗo. In an yi jinkiri watanni, sau da yawa ba ta dawowa. Maganin nan da awo ake shansa, ana rage shi sannu-sannu. Kada ka saye shi hannun mai talla a kasuwa. In ya yi yawa, mayaƙa su kwanta duka, ƙofa ta buɗe ga wasu cututtuka.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe abu uku. Tabon da ba ya jin taɓi, a kai shi asibiti. Wanda ya fara magani, kada ya yanke. In jijiya ta kama zafi, ko hannu ya yi rauni, kada a jira ran kasuwa, a tafi ran nan. Kai da Allah ya ba karatu, karanta wa maƙwabcinka wanga labari.