Ɗalibin Shari'ar Muhalli da Mas'alar Hani Kafin Ɓarna

Duk wanda ya bi tarihin dokokin muhalli a Nijeriya da idon basira zai tarar cewa musiba ce take wucewa gaba, doka tana biye da ita. A shekarar 1988 aka gano sharar guba wadda aka yi jigilarta daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, kuma sai bayan wannan abin takaici ne gwamnatin soja ta zartar da doka mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda hukumar NESREA ta gada a 2007. Ɗalibi yakan haddace waɗannan lambobi domin jarrabawa, kuma babu aibi a cikin haka. Abin da nake jiye masa tsoro shi ne ya fito yana zaton aikinsa yana farawa ne ranar da aka shigar da ƙara.

Abin da ya auku a Zamfara a 2010 ya isa hujja, sa'ad da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, inda ake shanya hatsi, inda kuma yara suke rarrafe. To, wa za a kai ƙara? Masu dakan su ne iyayen mamatan, kuma talauci ne ya tura su. Ma'adinan kuwa, bisa tsarin mulkin 1999, mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Sashe na 20, wanda ya ɗora wa hukuma nauyin kiyaye muhalli, yana cikin babi na biyu, alhali sashe na 6 ya janye hannun kotu daga tilasta abin da ke cikin wannan babi. Ko da an biya diyya, ba za ta mayar da rai ba, balle ta gyara ƙwaƙwalwar yaron da dalma ta riga ta taɓa.

Saboda haka, a ganina, babin da ya fi cancantar ɗalibi ya hana idonsa barci a kansa shi ne na hani tun kafin ɓarna: doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta auna illar manyan ayyuka kafin a fara su, da sharuɗɗan ba da lasisi, da ikon jami'an sa ido. Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, domin fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan harimin rijiya da na gari, wato filin da ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci jama'a ba, kuma magabatanmu sun keɓe hurumi da burtali da mashaya tun rikici bai tashi ba. Sai dai dokar 1992 manyan ayyuka ta fi fuskanta, ba ta kai ga mai haƙa da diga da shebur ba, kuma rubuta ƙa'idar da za ta kai gare shi, cikin harshen da yake ji, ba tare da an raba shi da abincinsa ba, aiki ne da yake jiran ɗaliban da suke aji a yau.