Lokacin Da Jirgi Ya Fi Ido Sauri

Mu da ke Karare da sauran garuruwan Batsari da Safana mun saba da ƙarar jirgin yaƙi tun da aka fara kai wa 'yan bindiga farmaki a dajin Rugu. Kafin ka ɗaga kai jirgin ya wuce, sai rugugin ya rage. Wannan gazawar ta ido, da mu a ƙasa ba ta cutar da mu da komai, ta ci rayukan matuƙa da yawa a sama, kuma sau da dama a wajen atisaye, ba a fagen daga ba.

Jiragen jet sun shigo aikin soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944. Sun fi masu farfela gudu nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar kauce wa karo ba ta sauya ba: ka duba, in ka hango, ka kauce. Mu yi lissafi. Jirage biyu, kowanne na gudun kilomita 900 a awa, suna fuskantar juna. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 500 kowace daƙiƙa. Idan matuƙi ya hango ɗan'uwansa daga kilomita 5, daƙiƙa 10 gare shi. Hukumar jiragen sama ta Amurka kuwa ta ƙiyasta cewa daga hangowa zuwa jirgi ya amsa ya karkata, ana bukatar kusan daƙiƙa 12 da rabi. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: tsarin da amsarsa ke zuwa bayan aikin gama ya gama.

Akwai kuma wata yaudara da ta fi wannan muni. Jirgin da zai buge ka ba ya motsi a gilashin gabanka. Yana nan wuri guda kamar ɗigon ƙuda, sai a daƙiƙun ƙarshe ya kumbura ya cika gilashin. Ido kuwa abin da ke motsi yake saurin kamawa.

A ranar 21 ga Afrilu 1958, wani jet kirar F-100 da ɗalibi ke koyon tuƙi da na'ura kawai a cikinsa ya yi karo da jirgin fasinja kusa da Las Vegas. Mutum 49 suka mutu. A cikin shekarar Amurka ta kafa hukuma ɗaya da za ta riƙa sarrafa sararin sama na soja da na farar hula gaba ɗaya.

Mu namu jet ɗin ta Kano suka shigo. An kafa rundunar sojan sama ta Najeriya a 1964, sai ga yaƙin basasa. A Agustan 1967 aka sauke MiG-17 na Tarayyar Sobiyet a Kano, daga baya garin ya zama wurin horas da matuƙan jet.

Hatsarin da har yau ba mu manta ba ya faru ne a Abuja ranar 28 ga Satumba 2018. Jirage biyu kirar F-7 suna gwajin faretin cika shekara 58 da samun 'yanci suka gogi juna, suka faɗo a yankin dutsen Katampe. Matuƙa uku suka yi tsalle da lema, biyu suka rayu, hafsan sojan sama Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu. A tafiyar jere irin wannan matsalar ba hango ba ce, kusanci ne: 'yan mitoci ke raba fukafukai, na baya idonsa na kan jagora kaɗai, ɗan kuskure ƙarami ba ya barin lokacin gyara. F-7 ɗin kansa ƙirar Sin ce da aka kwaikwayo daga MiG-21, jirgin da aka zana tun shekarun 1950.