Wasiƙun Bakin Daga da Masu Karanta Su

Sana'armu ta rubuta wa jama'a wasiƙa ta girmi yaƙin basasa nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan boko malamai ke yi wa fatake takarda da ajami. Amma mu da muka zauna da teburi a ƙofar gidan waya ba mu taɓa ganin aiki irin na tsakanin Yulin 1967 da Janairun 1970 ba. Sojojin Nijeriya da ba su wuce dubu 10 ba kafin yaƙin sai da suka kai wajen dubu 250. Samarin ƙauye ne da yawansu. A yi musu horon gaggawa a Zariya, a tura su Nsukka ko Inugu, iyaye kuwa ba su iya karatun boko ba.

Tsohuwa za ta zo da ambulan ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Ɗan nan, duba mini." Rabin takardar gaisuwa ce, kowa da sunansa, har maƙwabta. Sai batun kuɗi: ga fam biyu an aiko, a sayi hatsi, a biya haraji, saura a ajiye na sadaki. Sai tambayar damina, sai roƙon addu'a. Shi yaƙin da kyar ake ambatonsa, iyaka a ce ruwan sama ba ya ɗaukewa kuma garin rogo ya gundure su. Ba su son tayar da hankalin gida.

Wurin mayar da amsa ake gane gwani. Uwa ba za ta faɗi sunan ɗan fari ba, mata ma ba ta kama sunan miji. Sai ta ce a gaya wa "wannan yaron" ya riƙe salla. Kai za ka san abin da kunya ta hana ta faɗa, ka sa shi a takarda ba tare da ka yi mata ƙari ba. Amana ce.

Bayan yunƙurin Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammad na ƙetare Kogin Kwara zuwa Onica a Oktoban 1967, da kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968, gidaje da yawa wasiƙa ta daina zuwa. Matan ba su daina zuwa tambaya ba. A can ɓangaren Biyafara kuwa, inda aka datse hanyoyi, yunwa ce ke cin iyalan da ke irin wannan jiran.

Wayar salula ta rufe mana kasuwa tun daga 2001, ban kuma yi kuka da hakan ba. Damuwata ita ce hafsoshi sun rubuta nasu tarihin, Obasanjo ma ya fitar da littafinsa a 1980, amma muryar kurtu tana cikin waɗannan takardu ne kawai. Duk wanda ke da su a adakar kakarsa, don Allah ya kai Gidan Arewa da ke Kaduna a ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye.