Waƙar Wa'azi da Ayoyin Allah a Ƙasar Dendi

Mu waiwayi yadda magabatanmu suka mai da waƙa hanyar wa'azi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya tarar da manoma da makiyaya ba su jin Larabci, sai ya riƙa tsara musu gargaɗi a waƙe da Fulatanci. Ƙanensa Abdullahi, wanda yammacin daula har ƙasarmu ta Dendi ya zama rabonsa a 1812, ya tara nasa waƙoƙin na Larabci cikin Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, jajoji suka kai su ƙauyuka ga mata 'yan taru. Har roƙon ruwa ta tsara a waƙe.

Tushen wannan salo Alƙur'ani ne. Aya ta 45 ta Suratul Kahfi ta misalta rayuwar duniya da tsiron da ruwan sama ya raya, sannan ya bushe iska ta watsa shi. Mu mutanen Tanda da Gaya kowace shekara muna ganin tafsirinta: kogin Kwara ya cika ya janye, gero ya yi kore ya koma kara.

Idan muka bar waɗannan waƙoƙi suka shiga kabari tare da tsofaffinmu, 'ya'yanmu za su dubi kogi ba su ga aya ba. Mu nemi masu haddarsu cikin wannan wata, mu rubuta. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.