Ɗakin Gilashi Ko Rumfa? Tarihin Ƙara Wa Gida Faɗi Daga Versailles Zuwa Ƙasar Gobir

Idan kana yawan leƙa hotunan gidaje a intanet, da wuya ba ka taɓa cin karo da wani ɗaki da Turawa ke liƙawa a bayan gida ba, bango gilashi, rufi ma gilashi, ga shuke-shuke da kujeru. Yana da kyau, babu musu. Amma kafin ka nuna wa magini hoton a Unguwar Lalle ko Isa ka ce irinsa kake so, ya kamata ka san matsalar da aka ƙirƙiro shi don magancewa, domin ba irin tamu ba ce.

Asalin abin lemu ne. Sarakuna da attajiran Turai sun ƙwallafa rai ga itacen lemu, shi kuwa ba ya jure sanyin da ke daskarar da ruwa. Sai suka riƙa dasa shi cikin akwatuna, idan sanyi ya ƙarato a shigar da shi wani gini na musamman, gidan lemu kenan. Wanda ya fi shahara shi ne na fadar Versailles a Faransa, da Jules Hardouin-Mansart ya gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1684 da 1686. Babban zaurensa ya haura mita 150 a tsawo, yana fuskantar kudu don ya kwashi ranar hunturu, kaurin bangonsa kuma ya kai mita 4 zuwa 5. Riƙe zancen kaurin nan, za mu dawo kansa.

Ɗakin da yake gilashi zalla daga baya ya zo, lokacin da ƙarfe da gilashi suka yi araha. Ingila ta soke harajin gilashi a 1845, ta soke na tagogi a 1851, shekarar da Joseph Paxton ya tsayar da katafaren ginin gilashi na Crystal Palace a Landan. Daga nan masu matsakaicin hali suka fara kwaikwayo a gidajensu. Har yau zaɓin Bature tsakanin biyun nan yake: mai bangon bulo da manyan tagogi, ko mai gilashi sama da ƙasa. Dukkansu tarkon zafi ne, kuma da gangan aka yi su haka.

Ga yadda tarkon yake aiki. Hasken rana yana ratsa gilashi, ya faɗa kan daɓe da kujeru, su yi zafi, su ɗumama iskar ɗakin, iskar kuma ta rasa hanyar fita. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1,000, gilashi fale ɗaya kuma yana barin kusan kashi 80 cikin 100 ya wuce. To yi lissafi da kanka: rufin gilashi mai murabba'in mita 10 zai zubo maka wat 8,000, kamar ka kunna dutsen guga takwas a ɗaki ka kulle ƙofa. A Landan cikin Janairu ko kaɗan daga wannan ni'ima ce. A Sabon Birni cikin Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke wuce digiri 40, kuma rana ke tsayawa daidai tsakar ka wajen ƙarshen watan, wannan tanderu ne.

Mu kuma namu tarihin ƙara gida na neman inuwa ne. Gidan Bahaushe ba a gama shi rana ɗaya. Ana kewaye fili da katanga ko danga, a yi zaure, sannan ɗakuna su riƙa tsirowa gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa: an yi wa yaro aure, an ƙara ɗaki; tsohuwa ta dawo gida, an ƙara wani. Gobirawa kuwa sun san sake gini fiye da kowa. Alƙalawa, babban birninsu a bakin gulbin Rima, ya faɗi a 1808, kufansa na nan a yankin Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani wani reshe ya kafa Sabon Birni. Kowane tashi, da ƙasar wurin da karan wurin aka sake tayar da gidaje.

Mai ƙara gida a wancan zamani shi ma zaɓi biyu ne a gabansa. Na farko shigifa ko soro: bangon tubali mai kauri, rufin azara da aka danne da ƙasa. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, sai dai ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kamar mita 2 ba tare da tallafi ba. Shi ya sa ɗakunan da suke ƙuntatattu, shi ya sa kuma magina suka ƙware wajen ɗaurin baka don a sami faɗi, fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i zafin yake isa ciki, lokacin gari ya fara sanyi. Ka ga dabarar Versailles kenan: can kauri yana tsare ɗumi, nan yana jinkirta zafi. A ganina gidan lemu ya fi kusa da soro fiye da yadda yake kusa da ƙaninsa na gilashi.

Na biyu rumfa, wadda ake rainawa don arharta. 'Yan dirkoki, kara ko zana a sama, shi ke nan. Amma dubi aikinta: tana tare hasken kafin ya taɓa ƙasa, gefenta a buɗe iska na wucewa, karan kuma ba ya riƙe zafi. Kishiyar ɗakin gilashi ce sak. Kuma su biyun tare suke aiki, da rana a fake a soro, da dare idan bango ya fara amayar da zafinsa a fito tsakar gida.

Abin da ya rikita wannan tsari kwano ne. Ya shigo a zamanin mulkin mallaka, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kayan gini na waje suka matso kusa da ƙasar Isa. Ba na ganin laifin wanda ya rungume shi: rufin ƙasa yana son yaɓe duk shekara kafin damina, in aka yi sakaci ya rufto. Sai dai kwano siriri ne, yana ɗaukar zafi nan take ya watso wa na ƙasa, bulon siminti mai rami kuma ba shi da nauyin tubali. Ƙara faffaɗan gilashi a kan wannan, ka haɗa zafi biyu.

Zancen ba na ado kaɗai ba ne. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya taso mutane da yawa daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa, gidajen 'yan uwa suka cika, ana ƙara ɗaki cikin gaggawa da abin da ya samu. Waɗanda ke wuni a irin ɗakunan nan tsofaffi ne da jarirai da masu jego, su ne kuma zafi ya fi saurin kayarwa.

Idan haske da shuke-shuke kake sha'awa, za ka same su ba tare da rufin gilashi ba. Sa tagoginka ta kudu da arewa, inda 'yar baranda za ta iya kare su, domin rana a sama take bi ta waɗannan ɓangarori. Guji gilashi ta yamma, can ranar la'asar ke shigowa a kwance. Gabas ma a yi hattara, daga can hadari ke tasowa ya doki bango. In kwano ya zama dole, a ɗaga shi, a sa silin, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama. Shi kuwa lemun da Louis ya gina wa fada, a nan ruwa kawai yake nema: dasa shi ta yammacin sabon ɗakin, ka jure ban ruwa a rani, cikin 'yan shekaru shi zai riƙa tare maka ranar la'asar.